Yadda ake dawo da muryar tsohuwar talabijin a ɗakin haɗa sauti na zamani

Duk wanda ya kalli talabijin a Arewacin Najeriya tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990 yana iya gane muryar wancan zamani ko da ya rufe ido. Murya ce siririya mai fitowa kamar daga cikin kwali, ba ta da kauri a ƙasa, ba ta da kaifi a sama, kuma akwai wani ɗan shuu da ke bin ta a baya, wanda yakan ɗaga kai duk lokacin da mai magana ya yi shiru. A yau masu shirya fina-finai da tallace-tallace da shirye-shiryen tarihi suna neman wannan murya da gangan, suna biyan masu haɗa sauti su lalata abin da aka ɗauka tas da na'urar zamani har ya koma kamar na da. Aikin yana da ƙa'idoji, kuma wanda bai san inda muryar ta samo asali ba yakan ƙare da wani abu mai kama da wayar tarho ko rediyon da batirinsa ya mutu.

Inda muryar ta samo asali

Talabijin ta fara a Najeriya da tashar WNTV ta Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959. Arewa ta samu tata a 1962, lokacin da kamfanin yaɗa labarai na Jihar Arewa ya buɗe tashar da aka sani da RKTV a Kaduna. Hoto mai launi ya fara fitowa daga Jos a tsakiyar shekarun 1970, sannan dokar soja ta 1977 ta tattara tashoshin da ke akwai ƙarƙashin hukumar NTA. A Kano, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa tashar jiha, CTV 67, a farkon shekarun 1980, wadda bayan rasuwarsa a 2010 aka sauya mata suna zuwa ARTV. A waɗannan tashoshi ne mutane suka saba da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da irin su Kuliya Manta Sabo da Bakan Gizo a Kano. Muryar da ake kewa a yau, galibi muryar waɗannan shirye-shirye ce da ta masu karanta labaran dare.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, laifin ba na iskar da ke ɗauko shirin ba ne. Najeriya ta bi tsarin PAL mai layi 625, kuma a wannan tsari ana aika sauti ne ta hanyar FM a kan wani zango da ke nesa da na hoto da 5.5 MHz. Wannan hanya tana iya ɗaukar sauti har zuwa kusan 15,000 Hz, wato girgiza dubu goma sha biyar a daƙiƙa guda, daidai da abin da gidan rediyon FM ke bayarwa. Ashe tun asali bututun yana da faɗi. Abin da ya ƙuntata muryar yana gaban bututun da kuma bayansa.

A gaba akwai situdiyo. Makirufo ɗaya ko biyu ake ratayawa a saman 'yan wasa, nesa da baki don kada kyamara ta gan su, saboda haka amsa-kuwwar ɗakin takan shiga tare da magana. Wanda ya juya baya ga makirufo muryarsa ta dushe, wanda ya matso ta cika. Takun ƙafa a kan katakon dandamali da ƙarar ƙofar filawud duk suna shiga. Daga nan sai kaset. Tashoshi da yawa sun yi aiki da U-matic, wanda kamfanin Sony ya fitar a 1971, daga baya kuma Betacam na 1982. Zaren U-matic yana tafiyar santimita 9.5 a daƙiƙa, kuma sautinsa ba laifi idan na'urar tana da lafiya, amma duk kwafin da aka yi daga wani kwafi yana ƙara shuu yana rage kaifi.

A baya kuma akwai akwatin da ke falo. Lasifika guda ce ƙarama, mai siffar ƙwai a yawancin akwatuna, a manne a gefe ko a ƙasan gilashi, cikin gangar roba ko katako da ba a ƙera ta don kiɗa ba. Irin wannan lasifika ba ta iya fitar da sautin da ke ƙasa da kusan 150 Hz, don haka kaurin ganga da na muryar namiji suna ɓacewa, tsakiyar murya kuma ta yi tsini. Idan aka ƙure ta, gangar akwatin takan yi kakkarwa tare da ita. Sautin kuma mono ne, wato daga kafa ɗaya yake fitowa, babu dama babu hagu.

Nisa ma yana da nasa rabo. Mai kallo a Gwauron Dutse ko Nasarawa ba abu ɗaya yake ji ba da mai kallo a ƙauyuka irin su Achika ta ƙaramar hukumar Wudil, yankin da ke da tazarar kimanin kilomita 40 daga birnin Kano. Inda sigina ta yi rauni, hoto yakan cika da yayyafi, sauti kuma ya riƙa tartsatsi yana ɗaukewa, sai an juya eriyar da ke kan doguwar gora. A wuraren da babu wutar lantarki, da batirin mota ake kunna ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, ko da janareta a gidan kallo, kuma ƙarar janaretan ta zama wani ɓangare na abin da kunne ya riƙe. Mai haɗa sautin da aka ce ya dawo da "muryar talabijin ta da" ya kamata ya fara tambaya: ta birni ko ta ƙauye, ta falo ko ta dandali?

Murya biyu da ake rikitawa

Yawancin tsofaffin wasannin da ke yawo a YouTube da Facebook da WhatsApp ba daga kaset ɗin tasha aka ciro su ba. Daga VHS ne da wani ya ɗauka a gida, aka kwafa sau da yawa, sannan intanet ta sake matse shi. A tsarin PAL zaren VHS yana tafiyar santimita 2.34 kacal a daƙiƙa, kusan rabin saurin kaset ɗin rediyo mai santimita 4.76, kuma sautin yana kan wani siririn layi mai faɗin kusan milimita ɗaya a gefen zaren, inda ya fi saurin lanƙwasa. Ko a sabon kaset da wuya sautin ya wuce 10,000 Hz. Idan aka sa na'urar a tafiyar hawainiya don kaset ɗaya ya ɗauki sa'o'i da yawa, ya ƙara faɗuwa ƙasa sosai.

Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayani mai tsawo kan yadda kwafar kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta saba wa mutane da hoto mai hazo da sauti mai gurɓata, har abin ya zama ruwan dare. Fina-finan Hausa na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a wannan hanya suka isa gidaje. Saboda haka matashin da bai ga zamanin ba yana ɗauka haka talabijin ɗin take, alhali wanda ya kalli Samanja kai tsaye daga Kaduna ya ji abin da ya fi wannan tsabta nesa ba kusa ba. Fim ɗin da ke nuna iyali suna kallon labarai a 1984 yana buƙatar muryar lasifika da ɗaki. Wanda ke nuna an tsinci tsohon kaset a akwati yana buƙatar muryar zare. Haɗa su wuri ɗaya ba tare da dalili ba shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Aikin a kan kwamfuta

Ƙwararru sun fi son a fara gyaran tun wurin ɗauka. Idan an maƙala wa ɗan wasa ƙaramin makirufo a wuyan riga, muryar takan zo kusa da kunne ƙwarai, kuma babu manhajar da za ta mayar da ita nesa yadda ya kamata. A rataya makirufo ɗaya a sama, tazarar mita ɗaya ko fiye, a bar ɗakin ya shiga. Salon magana ma yana da muhimmanci: masu karanta labarai na da suna jan numfashi, suna furta kowane harafi, ba sa gaggawa irin ta yau.

Bayan an shigar da sautin cikin manhaja, ko FL Studio ce ko Cubase ko Adobe Audition ko Pro Tools, ko ma Audacity da ake samu kyauta, ƙa'idar ita ce a jera matakan yadda sautin ya bi su a zahiri: situdiyo, zare, iska, lasifika, ɗaki. Farko a mayar da komai mono, har da kiɗa. Sannan a ɗan ƙona sautin kaɗan kamar yadda zaren kaset ke yi idan an cika shi, ta yadda ihu da tafi za su daɗe ba tare da sun fashe ba. A nan ne kuma ake sa rawar zare iri biyu: mai jinkiri, wadda ke sa dogon amon goge ko algaita ya riƙa lilo, da mai sauri, wadda ke sa murya ta ɗan yi makyarkyata. Kaɗan ake sawa. Idan mai sauraro ya lura da ita a cikin magana, ta yi yawa.

Shuu ɗin da ke tashi lokacin shiru yana da sirri. Na'urorin da suna da wani sashe da ke ɗaga ƙarfin sauti da kansa idan ya ji an yi ƙasa, ya sauke idan an yi sama. Da mai magana ya tsaya, sai sashen ya ɗauka sautin ne ya raunana, ya ɗaga duk abin da ya rage, wato shuu da motsin ɗaki. Don a kwaikwayi wannan, dole a zuba shuu ɗin tukuna, sannan a bi da kwamfuresa mai saurin kamawa da jinkirin saki, su matsu tare da muryar. Wanda ya ɗora shuu a sama bayan ya gama komai zai samu ƙara mai tsayawa cik kamar fenti, kuma kunnen da ya san asali yana gane ta nan take.

Sai ikwalaiza. Ana yanke abin da ke ƙasa da 150 zuwa 200 Hz, a sassauta abin da ke sama da 7,000 ko 8,000 Hz, a ɗan ɗaga tsakiya wajen 1,000 zuwa 3,000 Hz inda ƙaramar lasifika ke da tsini. Yankan ya zama mai gangara, ba kamar na wuƙa ba. Wayar tarho ta da tana tsayawa ne tsakanin 300 da 3,400 Hz, kuma yawancin shirye-shiryen da ke zuwa a cikin manhaja da sunan "tsohon sauti" kusa da nan suke yankewa, shi ya sa sakamakonsu ke kama da kiran waya.

Ga Hausa wannan iyaka ta sama ba abin wasa ba ce. Bambancin "sara" da "shara" da "tsara" da "fara" yana zaune ne a saman sauti, galibi daga 3,000 zuwa 8,000 Hz. Haka ɗan fashewar da ke raba "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Idan aka datse sama da yawa, kalmomin sukan narke cikin juna, mai kallo ya koma yana cankar ma'ana daga jimla. Karin sauti kuwa, hawa da saukar murya da ke raba ma'anoni a Hausa, ya fi jure wa yanka, domin ko an cire tushen muryar da ke ƙasa, kunne yana gano shi daga 'ya'yan amon da suka rage a sama. Wannan ne dalilin da ya sa kalangu ke "magana" sarai ta ƙaramar lasifika, amma babbar ganga ta koma kamar ana buga kwali.

Gurnanin Najeriya da na Amurka

Wutar lantarki a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Gurnanin da ke shiga sauti daga waya mara kyau yana bin wannan lamba da ninkinta, 100 da 150 da sauransu. Manhajoji da tarin sautukan da ake saukewa daga intanet da yawa a Amurka aka haɗa su, gurnaninsu na 60 ne. Mai kallo ba zai iya faɗin lambar ba, amma wanda ya girma da ƙugin firiji da taransifoma na nan yakan ji wani abu bai zauna ba. Idan kuma labarin a gidan kallo mai janareta yake, gurnanin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka yadda injin ke shan nauyi.

Akwai wasu alamomi biyu da talabijin kaɗai ke da su. Na farko wani zzzz mai kaushi da ke tasowa idan farin rubutu ya bayyana a allo, kamar sunan mai magana ko jerin sunaye a ƙarshen shiri, saboda siginar hoto tana kutsawa cikin ta sauti. Sa shi daidai lokacin da rubutu ya fito yana yin tasirin da shuu na minti goma ba zai yi ba. Na biyu siririn fito na 15,625 Hz da akwatin mai gilashin tulu ke yi, wato layi 625 sau 25 a daƙiƙa. Yara suna jin sa tun daga zaure su san an kunna talabijin, manya da yawa ba sa ji. Na Amurka 15,734 ne. Masu haɗa sauti da dama suna barin sa gaba ɗaya, domin yana damun masu ƙuruciya a cikin abin kunne, kuma matsewar intanet takan share shi ko ta yaya.

Hanyar da ta fi manhaja

Akwai manhajoji na musamman irin su Speakerphone na kamfanin Audio Ease, waɗanda aka auna ainihin tsofaffin lasifiku aka zuba halayensu a ciki. Suna da tsada, kuma akwatunan da aka auna ba lallai ne su zama irin National da Sharp da Philips da suka cika gidajen Kano ba. Hanya mafi araha tsohuwa ce. Walter Murch ya shahara da ita a fim ɗin American Graffiti na 1973: a kunna sautin ta ainihin lasifika a ainihin wuri, a sake ɗaukarsa da makirufo. A Kano har yanzu ana samun tsofaffin akwatuna masu aiki a shagunan masu gyara. A jona sautin ta kafar da ke bayan akwatin, a ajiye shi a ɗaki mai siminti da labule irin na labarin, a sa makirufo ɗaya kusa da lasifika, ɗaya kuma inda mai kallo zai zauna. Na kusa don lokacin da kyamara ke kan allo, na nesa don lokacin da ta koma kan mutanen ɗakin. Kada wanda ba mai gyara ba ya buɗe bayan akwatin: mai launi yana aiki da wutar da ta kai kusan bolt 25,000, kuma gilashin yana riƙe caji bayan an zare waya.

Haka ake yi da zare. Ana tura sautin cikin na'urar VHS, a ɗauka, a dawo da shi kwamfuta, wani lokaci sau biyu ko uku don a samu muryar kwafin kwafi. Matsalar ita ce saurin zaren ba ya tsayawa daidai, sai an zauna an sake daidaita magana da motsin baki. Darakta Pablo Larraín na ƙasar Chile ya wuce nan a fim ɗinsa No na 2012, inda ya ɗauki fim ɗin baki ɗaya da kayan zamanin U-matic don sabon hoto ya saje da tsofaffin hotunan 1988.

Gwajin ƙarshe a waya ake yin sa. Yawancin masu kallon fina-finan Hausa yanzu a waya suke kallo, kuma lasifikar waya da ma ba ta da kauri, don haka yanke ƙasa kaɗai ba zai nuna komai ba. Abin da ke sa a ji tsufan shi ne bambanci: faɗin sautin zamani kafin wurin, sai ƙuntatar mono a cikinsa. Ƙarfin magana kuma ya kasance daidai da na sauran fim ɗin, ko ana bin ma'aunin -23 LUFS na tashoshin Turai ko kusan -14 da YouTube ke daidaita sauti a kai. A ajiye kwafi mai tsabta a gefe kullum, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Inda abin ke zama haɗari

Dabarar da ke ƙawata fim ita ce kuma ke iya ƙawata ƙarya. Manhajojin kwaikwayon murya sun yawaita, kuma shuu da gurnani suna rufe kurakuran da za su tona asirin muryar jabu. Ana iya ƙirƙirar jawabi a jingina shi ga Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka kashe a ranar 15 ga Janairu, 1966, ko ga Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a ranar 17 ga Afrilu, 1983, a lulluɓe shi da ƙurar kaset, ya shiga WhatsApp a lokacin zaɓe. Tsufan murya ba hujja ba ce. Sautin da ke da dama da hagu a abin da aka ce daga talabijin ɗin 1970 ne, ko shuu mai maimaita kansa bayan 'yan daƙiƙu, ko gurnanin 60 a abin da aka ce a Kaduna aka ɗauka, duk alamu ne na tuhuma. Masu bincike a wasu ƙasashe har suna auna ɗan kaɗawar gurnanin lantarki don gano lokacin da aka ɗauki sauti. Ma'aikatar da ke shirya fim ɗin tarihi, ko ɗan kasuwar da ke son talla mai ƙamshin da, ya fi musu aminci su rubuta a allo cewa kwaikwayo ne a duk inda aka cakuɗa shi da ainihin tsohon hoto.

Ainihin kayan kuwa suna ƙarewa. Tashoshi a ko'ina, har da BBC, sun sha goge tsofaffin shirye-shirye don su sake amfani da kaset saboda tsadarsa. Waɗanda suka tsira suna fama da zafi da laimar damina da ƙurar hunturu. Manne da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin zaren yana jiƙewa ya yi danƙo, ya toshe kan na'ura a kunnawar farko. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, shekarar da Najeriya ta fara gwajin komawa talabijin ta dijital a Jos. Mai tsohon kaset a gida ko a ofis kada ya gwada shi a kowace na'ura ya ga ko yana yi. A kai shi wurin mai na'ura mai tsabtataccen kai, a kwafe shi sau ɗaya a ma'aunin 48 kHz da bit 24, ba tare da an goge shuu ko an gyara komai ba a kwafin farko. Har wuraren da babu magana a bar su, domin daga waɗannan daƙiƙu na shiru ne mai haɗa sauti ke ɗebo ainihin shuu da gurnanin tashar da zai shimfiɗa a ƙarƙashin sabuwar murya.